Yadda za ki kai ƙananan yara Legas su ga teku, ku dawo lafiya

Mu da muka tashi a Kano, ruwa mafi girma da yawancinmu muka sani shi ne dam ɗin Tiga ko Bagauda in an fita yawon sallah, shikenan. Ni dai sai da na yi aure na haihu biyu sannan idona ya ga teku, kuma ranar da na tsaya a gabansa wallahi bakina ya kasa cewa komai sai tasbihi, ruwa ne har iya ganinki babu gaɓa a ɗaya ɓangaren, ga ƙara kamar ana ta kifar da tifar yashi ba a tsayawa. Tun ranar nake cewa duk wanda Allah ya hore masa ya kai iyalinsa su gani. Mun je da yara biyu, babban yana shekara uku da 'yan watanni, ƙanwarsa wata goma sha takwas ko yaye ta ban yi ba, muka yi kwana shida. Abin da zan faɗa miki a nan abin da na gani ne da idona, wani mun yi daidai, wani sai da muka sha wuya muka gane.

Abu na farko da za ki sa a ranki tun kafin a sayi tikiti, barcin yaran nan da cikinsu su ne za su tsara tafiyar, ke da Abbansu bin su kawai za ku yi. In kika yarda da wannan tun daga gida, sauran duk mai sauƙi ne. In kuma kika rubuta wurare goma da kike son zuwa a kwana huɗu, to a rana ta biyu za ki samu kanki cikin mota a tsakiyar gada, yaro yana ta tsala ihu, ke ma hawaye na neman zubo miki.

Maganar lokaci tukuna. Legas ba irin damunarmu gare su ba. Ruwansu yana farawa tun wajen watan Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya sake dawowa Satumba da Oktoba. A cikin damunar nan unguwanni irin su Lekki ruwa yana kwanciya a titi sosai, kuma teku ma ya fi haukacewa, ba lokacin kai yara ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ne rani. Amma fa a cire Disamba, musamman daga tsakiyarsa zuwa sabuwar shekara, lokacin ne 'yan ƙasar waje ke dawowa gida ana ta bukukuwa, kuɗin masauki da na jirgi duk su yi tashin gwauron zabi, hanya kuma ta cushe. Mu a ƙarshen Janairu muka je, kuma in zan sake zuwa Nuwamba ko Fabrairu zan zaɓa. Sai dai ki sani lokacin hunturu hazo yana hana jirgi sauka ko tashi a Kano, wani lokacin a jinkirta awa da awanni, wani lokacin a soke gaba ɗaya, don haka kada a sa ranar dawowa ta zama daren da Abbansu zai koma aiki washegari. A bar kwana ɗaya a tsakani.

Hanya kuma, gaskiya in da hali a hau jirgi. Kano zuwa Legas a sama wajen awa ɗaya da rabi ne, a mota kuwa tafiyar kusan kilomita dubu ce, yini ne cur har da dare, ga yanayin tsaro da kowa ya sani, ga yaro da ba zai iya zama wuri ɗaya ba. Na san tikiti ya yi tsada, ban raina wannan ba ko kaɗan, amma gara a rage kwanakin da za a yi a can a sa kuɗin a jirgi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne, wanda ya cika biyu kuwa kujerarsa daban. Ki tafi da takardar haihuwarsu ko hotonta a waya don ana iya tambaya. Ki nemi jirgin safe, shi ya fi tashi a kan lokaci, na yamma shi ke kwasar duk jinkirin ranar. Lokacin tashi da lokacin sauka kunnen yara yana toshewa ya yi musu zafi, shi ya sa za ki ji duk jariran jirgi sun ɗau kuka a tare, maganinsa haɗiya ce, ki ba ƙaramin nono ko fida a daidai lokacin, babban kuma ki ba shi ruwa ya riƙa kurɓa ko wani abin tsotsa. Ni na ja mayafi na rufe na sa mata nono tun jirgi yana gudu a ƙasa, kafin mu gama hawa sama ta yi barci.

Jakar hannu ita ce rayuwarki a ranar. Famfas fiye da yadda kike zato, kayan canji biyu-biyu na kowane yaro, riga ɗaya taki ke ma don amai ba ya sallama, leda ta zuba masu datti, ruwa, biskit, dabino, da wani ɗan abin wasa sabo da bai taɓa gani ba wanda za ki ɓoye sai ya fara rigima ki fito da shi. Kuma zanin goyo. Dan Allah kada ki bar zanin goyo a gida don kin sayi keken turawa. Keken yana da amfani a filin jirgi da manyan kantuna, amma a cikin yashi tayarsa nutsewa take, a titunan Legas kuma ga kwata ga ramuka ga 'yan kasuwa sun cinye gefen hanya. Goyo ya fi komai, hannunki biyu a sake, yaro a jikinki.

Yanzu masauki, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Legas gari ne da ruwa ya raba, akwai ɓangaren tudu inda filin jirgin Murtala Muhammed yake a Ikeja, da su Agege da Yaba da Surulere, akwai kuma ɓangaren tsibiri, su Ikoyi da Victoria Island da Lekki, kuma bakin tekun da kike son kai yara yana can ɓangaren tsibiri. Abin da ya haɗa su gadoji ne, babbar ita ce gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita goma sha biyu a kan ruwa. Da safe duk garin tsibiri yake nufa wajen aiki, da yamma duk garin ya juyo. In kika sauka a Agege wajen 'yan uwa kika ce kullum za ki riƙa zuwa bakin teku, to rabin hutunki a gosulo zai ƙare. Na san da nauyi a ce kin zo gari kina da dangi ki sauka a wani wuri, mu ma sai da aka yi mana ƙorafi. Yadda muka yi shi ne kwana biyun farko muka yi wa 'yan uwa a Agege, aka gaisa aka ci tuwo aka yi zumunci, yara suka huta gajiya, sannan muka koma Lekki kwana huɗu. Kowa ya samu nasa.

Kuma da ɗakin otal gara gidan haya na 'yan kwanaki mai kicin, irin wanda ake kama wa na kwana uku ko sati. Dalili ɗaya ne, yaro yana tashi ƙarfe shida yana neman kunu, ba zai jira a buɗe wajen cin abincin otal ba. Kafin ki biya ko sisi ki tambayi abubuwan nan, kuma a rubuce a waya don ya zama shaida: wuta awa nawa ake samu, janareto yana kwana ko ana kashe shi da tsakar dare, ruwan famfo fari ne ko mai launi, hawa na nawa ne, barandar tana da ƙarfe mai tazara da kan yaro zai iya shiga, akwai wurin ninƙaya a gidan kuma a killace yake. Ki ce a yi miki bidiyon ɗakin a ranar, ba hoton talla ba. Mu gidan da muka fara kamawa an ce mana wuta ba ta ɗaukewa, daren farko ƙarfe sha biyu aka kashe janareto, zafin Legas kuma ba irin namu ba ne, iska ce mai danshi da ke manne wa jiki gumi ba ya bushewa, yarinyar nan ta kwana tana kuka ina yi mata fifita da murfin kwali har asuba, gari na wayewa wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi. Da safe muka tattara muka bar gidan. Maganar ruwa ma ki ɗauke ta da gaske, wasu wuraren a Lekki ruwan burtsatsensu yana da ja-ja da ƙarni, wanka kawai za a yi da shi, sha da dama kunu da wanke fida sai ruwan roba. Kuma kada ki tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda kika gani a intanet kawai, a samu wani ɗan uwa a garin ya je ya ga gidan da idonsa.

Kayan sawa marasa nauyi na auduga, masu sakin jiki. Rigunan sanyin da kika saba sa musu a Kano cikin Janairu ɗaya-ɗaya ya isa, na ranar dawowa. Hula mai baki, takalmin roba mai maɗauri a baya don silifas ruwa ke tafiya da shi. Gidan sauro ki saka a akwati ko an ce miki ɗakin akwai esi, sauron Legas ba ya hutun rani. Ke kuma ki nemi doguwar riga mai ɗan kauri mai duhu da wando a ciki, da hijabi gajere wanda iska ba za ta yi ta wasa da shi ba, don iskar bakin teku tana da ƙarfi, babban mayafi sai ya hana ki ganin yaro a lokacin da ya kamata ki gan shi.

Abinci. Ki tafi da garin kununki daga gida, wanda suka saba, da 'yar kuka da daddawa da yaji, da dambun nama in kin samu, shi ba ya lalacewa kuma ko a farar shinkafa kika barbaɗa yaro zai ci. Abincin Yarbawa yana da daɗi amma barkono ne kamar ba gobe, ko kin ce a rage, abin da suke kira an rage ɗin ma ya fi ƙarfin bakin ɗan shekara biyu. Amma akwai waɗanda yara ke karɓa: amala tana da laushi, miyar ewedu kuma lalo ce tamu ta gida, ki ce a zuba miki ita kaɗai kada a haɗa da jar miyar. Moi-moi alale ne, ogi koko ne, ga burodin Agege mai laushi da babban nawa ya riƙe shi kamar me, ga ayaba da gwanda da kankana ko'ina, sai dai ki sayi ɗungurmi ki yanka da kanki, ban da wanda aka yanka aka ɗaura a leda yana shan rana. Jatan lande da ƙaguwa in yaro bai taɓa ci ba, kada a fara gwada masa a garin da ba ki san asibiti ba, wasu yaran jikinsu ba ya karɓa, kumburi da ƙaiƙayi nan take har numfashi ya sarƙe. Nama kuma ki tambaya kafin ki saya, Musulmi suna da yawa a Legas ba wahala ba ne samun na halal, in kin je Obalende ko Agege ko Mile 12 ma Hausa za ki ji ana yi ta ko'ina kamar kina Kano.

To ga tsarin yini yadda ya yi mana aiki. Fita ɗaya a rana, ɗaya tak. A tashi da asuba, a karya, ƙarfe takwas an fita, kafin azahar an dawo, a yi wanka a ci abinci kowa ya kwanta har ku manya. Da la'asar in jiki ya ba da hali a ɗan taka a cikin unguwa a sha iska, in bai ba da ba a zauna. Ranar da muka karya wannan dokar muka ce bari mu biya kasuwa daga bakin teku, yaran nan sun wuce lokacin barcinsu, wallahi har dare ba su dawo daidai ba, abinci ma ƙi suka yi. Zirga-zirga kuma da motocin da ake kira ta waya irin su Bolt da Uber, ki duba lambar mota ta yi daidai da ta waya kafin ku shiga, yara a kujerar baya, a kulle ƙofa. Acaɓa da yara kam babu shi a lissafi, dama an hana shi a unguwanni da yawa.

Sai babbar magana, teku. Dan Allah ki karanta wannan wajen a nutse.

Tekun Legas ba kogi ba ne, ba dam ba ne, Atlantika ne kai tsaye, kuma gaɓar tasa tana da gangara. Igiyar ruwa in ta zo ta daki ƙasa ta watsu, komawar da take yi ita ce abin tsoro, don tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki ne, kina tsaye sai ki ji ƙasa tana zamewa. Ni babba ruwa iya ƙauri ya kusa kayar da ni. To ina ga yaro mai kilo goma sha biyu. Kuma igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, za ki ga ƙanana guda biyar shida sun zo sun tsaya nesa da ku har ki saki jiki, sai wata babba ta zo ta wuce inda kuka shimfiɗa tabarma. Haka ta faru da mu, babban yana tsugune yana haƙa rami a wurin da yashi yake a bushe, ruwa ya zo ya kifar da shi ya tafi da bokitinsa da takalmi ɗaya, Allah ya sa hannun Abbansa yana riƙe da bayan rigarsa. Bokitin muna kallo ya yi nisa cikin ƙiftawar ido. Tun daga nan na daina kallon teku a matsayin wurin wasa.

Don haka ga yadda za ku yi. Kowane yaro da babba ɗaya nasa, a faɗa da baki, ke kina da wance, ni ina da wane. Kalmar "muna kallonsu" ita ke jawo asara, kowa yana zaton ɗayan ne ke kallo. In yara sun fi manya yawa a tafi da ƙanwa ko 'yar aiki ko kaka, in babu to ɗaya yana goye. Wanda ke riƙe da yaro ba ya riƙe waya, in za a ɗau hoto ɗayan ne zai ɗauka. Kada ki juya wa ruwa baya. Riƙon kuma a wuyan hannu, ba a yatsu ba, yatsu masu ruwa zamewa suke. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu ba ya ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a talabijin, shiru yake yi, kuma abin na daƙiƙoƙi ne. Robar nan mai iska da ake sa wa yara a hannu ko a ƙugu abin wasa ce, ba ta ceton kowa a teku, ƙara ma tana sa ruwa ya ɗauke shi da sauƙi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata Abban yara ya sani, don maza su ne ke cewa bari in ɗan shiga. Wani wuri za ki ga ruwan ya yi lumui ya yi duhu, babu kumfa, igiya tana fashewa dama da hagu amma shi shiru. Mutum sai ya ce nan ne mai sauƙi. Nan ne hanyar da ruwa ke bi yana komawa ciki da gudu, ko gwanin iyo ba ya iya yin gaba da shi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi ta kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu. Amma mafi alheri mai iyali ya tsaya iya idon sawu. In masu kula da wurin sun kafa jan tuta ko sun busa usur, a fito, ba a musu.

Abin da yara ke so dama ba ruwan ba ne sosai, yashi ne. Ki samu wuri can sama nesa da inda yashi ya jiƙe, ki haƙa musu ɗan rami, Abbansu ya ɗebo ruwa a bokiti ya zuba, ki ba su kofi da cokali da murfin kwano. Awa biyu za su yi a nan ba ki ji kukansu ba. In za a taɓa ruwan teku, a ɗauke su a hannu a je a tsoma ƙafa a dawo. Ƙaramar tawa da kumfa ta taɓa ƙafarta ta ƙanƙame ni ta ƙi sauka, ban matsa mata ba, sai a rana ta uku da kanta ta miƙa ƙafa. Kada ki tilasta wa yaro don hoto. Kuma ki duba yashin kafin su zauna, akwai fasassun kwalabe da murafe da tarkacen roba da ruwa ke kawowa, ƙaramin yaro kuma komai baki yake kaiwa.

Wane bakin teku? Wanda iyayenmu ke ba da labari, Bar Beach, babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Na Landmark da aka fi kai yara shi ma aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya ci shi a 2024. Don haka kada ki dogara da tsohon bidiyo, ki tambayi wanda ke garin a satin da za ku je wanne ne a buɗe. Akwai su Elegushi da wasu a hanyar Lekki zuwa Ajah, kusan duk ana biyan kuɗin shiga, rumfa da kujera ma kuɗi ne daban, ki yi ciniki kafin ki zauna, kuma ki tambaya ko ana barin shiga da abincin gida. Ranar aiki da safe za ki je. Asabar da Lahadi da yamma wuraren nan kiɗa ne mai tsanani da shaye-shaye da shigar da ba za ki so yaranki su gani ba, amma Talata ƙarfe tara na safe kusan ku kaɗai ne sai masunta da masu shara. Masu dawakai za su yi ta zuwa suna cewa a ɗora yaro, ki ce a'a da fara'a, dokin ba linzamin kirki ba hular kariya.

Bakin tekun Tarkwa Bay ruwansa ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun da aka yi wa mashigar tashar jiragen ruwa tana tare igiya, shi ya sa masu yara ke son sa. Sai dai ba a zuwa sai ta kwalekwale mai inji, tafiyar wajen minti ashirin. In za ku je, ku hau daga tashar da hukuma ta sani, kowa da rigar ruwa, kuma ki duba da idonki akwai daidai jikin yaro, don ta manya in aka sa wa ɗan shekara biyu ta kai take fita. In babu, a fasa. Mu mun fasa saboda haka kuma ban yi nadama ba. In an je a dawo da rana tsaka, kada duhu ya same ku a kan ruwa.

Rana tana ƙona yara ko fatarsu baƙa ce, iskar teku ce ke hana ki jin zafinta. Inuwa, hula, ruwan sha a kai a kai ko bai nema ba. Kafin sha ɗaya da rabi ku tattara. Ki taho da galan ɗin ruwa mai kyau a but ɗin mota ki ɗauraye su kafin a shiga, musamman matse-matsi da cikin famfas, gishiri da yashi in suka zauna a nan fata saɓulewa take. Ki shafa musu man kaɗanya bayan wanka.

Ranar da ba a je teku ba, akwai gandun dajin Lekki Conservation Centre, hanyar katako ce a cikin kurmi ana tafiya a inuwa, ga birai ga tsuntsaye ga kunkuru, a ƙarshe akwai fili da yara za su yi gudu. Gadar sama mai lilo da ake ta ɗauka a hoto, mai tsawon mita 401, ba ta ƙananan yara ba ce, ku wuce ta. Birai kuma suna fizge abinci daga hannu, kada yaro ya riƙe biskit ko ayaba a fili, komai a cikin jaka a zuge. Sai jirgin ƙasan Blue Line da ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, da katin biyan kuɗin sufuri mai suna Cowry ake shiga, yana bi ta sama kana hango ruwa da jiragen ruwa, in kuka hau da hantsi bayan ma'aikata sun wuce babu cunkoso. Babban nawa har yau shi yake ba wa mutane labari fiye da tekun. Badagry da gidajen tarihin cinikin bayi wuri ne da ya cancanci zuwa, amma da nisa, a bari sai sun girma sun san abin da ake nuna musu.

Jakar magani kada ta shiga babban akwati, a hannunki. Farasitamol na yara da ma'aunin zafi, ORS da zinc, filasta, man ƙurajen famfas, da duk maganin da yaro yake sha dama. Canjin ruwa da abinci yana kawo gudawa, in ta zo ki fara ORS nan take kina ba shi kaɗan-kaɗan, nono kuma kada a tsaya. In babu na leda, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kika ga ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya yi laushi ko ya ƙi shan komai, ko jini a kashi, asibiti kai tsaye. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani, ko bayan kun dawo gida ne da sati ɗaya ko biyu. Yaron da ya shaƙi ruwa ya yi ta tari ko numfashinsa ya canza, shi ma a kai shi a duba ko ya ce ya warke. Ranar da kuka sauka ki tambayi mai gadi asibitin yara mafi kusa da ke aiki da dare, ki adana a waya. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ki rubuta lambar Abbansu a 'yar takarda ki sa a aljihun babban, kuma kullum kafin a fita ki ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu a ranar.

Sallah ba ta da wahala, masallatai suna ko'ina, a bakin teku ma shimfiɗa darduma kawai za ki yi, sai dai a yi ta bi da bi, ɗaya yana sallah ɗaya yana riƙe da yara. Ki tuna kuma in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari to babu ƙasaru, cikawa za ku yi.

Kuɗi kuma, duk abin da kuka lissafa ku ware wani abu a gefe da ba za a taɓa ba sai dole, na canjin masauki ko asibiti ko ƙarin kwana in jirgi ya ƙi tashi. A riƙe 'yan canji a hannu don turawa ta waya tana iya maƙalewa a daidai ƙofar shiga. Ranar dawowa, in kuna ɓangaren tsibiri ku fita awa huɗu kafin lokacin jirgi, gara ku zauna a filin jirgi yara suna zagaye kujeru da a ce kuna kan gada kuna kallon agogo. Kayan da aka shiga ruwa da su ki wanke ki shanya tun jajibiri, a Legas kaya ba sa bushewa da wuri, in kika cusa su da danshi kafin Kano sun yi wari. Rigunan sanyin nan da na ce, ki fito da su ki sa a jakar hannu, don kuna sauka Kano iskar hunturu ce za ta tare ku tun daga matakalar jirgi, ga man shafawa a kusa, leɓen yaran nan kafin ku kai gida ya fara tsagewa.